Ƙarshen da Na Ɓoye wa Hannatu

Kakata Habsu ba ta yarda da zafin da ba ta ga wutarsa ba. Lokacin da aka kawo ta Lyon daga Damagaram don a yi mata aikin ido, muna zaune a unguwar Minguettes da ke Vénissieux, a gefen birnin, hawa na goma sha ɗaya, cikin dogayen benayen nan da iska ke dukan tagoginsu duk tsawon lokacin sanyi. Akwai shofaj a jikin bango, wani farin ƙarfe mai ɗumi, amma Kaka ta taɓa shi sau ɗaya ta ce wannan ai zazzaɓi ne. Sai da Baba ya sayo mata wata 'yar na'urar ɗumama ɗaki mai sanduna biyu da ke yin ja idan an kunna, sannan hankalinta ya kwanta. Idonta ba ya gani sosai, amma ja tana ganinsa. Ta sa wa abin suna murhun Nasara.

Wata uku aka ce za ta yi. Ta yi shekara huɗu.

A lokacin sanyi, kafin mu dawo daga lakwal, wato makaranta, rana ta faɗi. Ana yin isha'i da wuri. Mama takan fita aikin sharar ofisoshi da yamma, Baba kuma bai cika rufe shagonsa da wuri ba, saboda haka gidan namu ne mu da Kaka. Da ta sallame sai ta ce a kashe ƙwan lantarki, a kunna murhun Nasara, a jawo bargo. Mu huɗu ne ko biyar, ni da ƙannena biyu da 'ya'yan wani maƙwabcinmu ɗan Maraɗi. Takan kwance bakin zanenta ta raba mana aya ko dabino, wanda fatake ke kawo mata daga gida, ta yi gyaran murya ta ce, "Ga ta nan tafe, ƙafarta duk ƙura."

Mu kuma mu ce, "Ta shigo mu ba ta ruwa."

Daga tagar ana ganin fitilun Vénissieux har iyakar gani, motocin bis suna wucewa ƙasa kamar ƙwaro, amma mu muna can bakin wani tafki da ba mu taɓa gani ba, ko ƙarƙashin wata kuka. Kaka tana da wata ɗabi'a da kowa a danginmu ya sani: takan sauya ƙarshen tatsuniya don ta yi wa mutum faɗa. Ranar da ƙanena Laminu ya ɗauki kuɗin burodi ya sayi alewa, yaron da ya saba tsira a cikin labarin sai kura ta cinye shi, har da takalmansa. Laminu ya yi kuka, mu muka yi dariya, Kaka ta ce ita ba ruwanta, haka ta zo mata yau.

Wurina a hannun damanta yake, ba mai zama nan sai ni. Ni nake ɗiga mata maganin ido safe da yamma, ni nake riƙe hannunta mu shiga asansar mai hawa da sauka da mutane a bene, ni nake kai ta kasuwa ranar Asabar ina gaya mata abin da mai kifi ya ce. Sunana Ramatu, amma ita "sandata" take ce mini. Shekarata goma sha biyu, kuma a ganina ba wanda Kaka take so a duniya kamar ni.

A hutun ƙarshen shekara na sanyi na uku Kawu Issufu ya zo daga Ingila. Shi ne ƙanen Mama, ɗan autan Kaka. Ya yi karatu a Kano, daga can ya wuce Ingila, ya auri wata Baturiya mai koyar da Faransanci a makaranta, ya zauna a Leeds. Kaka ba ta so auren ba da farko, kowa ya san haka, amma ta daɗe da daina maganar. A wannan zuwan ya taho da ɗiyarsa Hannatu, wadda a can ake kira Hannah. Shekara ɗaya na ba ta. Doguwa ce, fatarta kalar shayi da madara, gashinta ya yi tsaye don ba wanda ya iya gyara mata shi a gidansu.

Kaka ta kama fuskarta da hannu biyu tana shafawa, goshi, hanci, haɓa, kamar mai duba sabuwar ƙwarya. Ta ce, "Hancin uwata ne wannan." Ta yi ta yi mata magana, Hannatu tana murmushi tana cewa "sannu" da "na gode", don iyakar Hausarta ke nan. Da Kaka ta gane, ta juya wajen Kawu.

"Issufu, ka ba ta sunan uwata, ka hana ta bakin uwata?"

Kawu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Za ta koya, Inna."

Saboda uwarta, Hannatu tana jin Faransanci, shi ya sa aka haɗa ta da ni. Kaka ta ce mu taubasai ne, ɗiyar mace da ɗiyar namiji, kowa ta tsokani 'yar'uwarta ba laifi. Kwana biyun farko mun yi daɗi. Na kai ta filin wasa, yaran unguwa suka yi ta ce mata Baturiya, ta tambaye ni ma'anarsa, na faɗa mata. Ta yi dariya, ta ce a makarantarsu kuwa ita ce baƙa, har wani yaro ya taɓa ce mata ta koma inda ta fito. Ta ce ta je gida ta tambayi uwarta ina ne wurin, uwarta ta ce asibitin da ke bayan tashar jirgi.

Amma ina kallon abin da ke faruwa a gida. Kaka ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta yi mata kitso da hannun da ba ya bukatar ido. Ta ba ta tsokar kaza wadda ta saba ajiye mini. Ta ce Hannatu ce za ta riƙa ɗiga mata magani, ko da rabinsa a kumatu yake zuba. A dare na uku, da aka kashe fitila aka kunna murhu, na zo zan zauna wurina sai Kaka ta ce, "Sandata, matsa wa baƙuwa. Ki zauna bayanta, ki riƙa zuba mata a kunne."

Na matsa. Kawu da Baba sun tafi gaida 'yan gida a wata unguwa, Mama tana wurin aiki. Na sa bakina kusa da kunnen Hannatu, ina raɗa mata da Faransanci don kada in katse Kaka.

Tatsuniyar wasu garuruwa biyu ce da kogi ya raba, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, kowanne da harshensa. Wani saurayi na gabas ya auri wata budurwa ta yamma. Da ciki ya tsufa ya ɗauko ta a kwalekwale zai kai ta gidan iyayenta ta haihu, naƙuda ta kama ta a tsakiyar ruwa. Nan aka haifi yarinya, aka yanke cibiya, cibiyar ta suɓuce ta faɗa kogi. Aka sa mata suna Ta-Tsakiya. Iyayen ba su yi tsawon rai ba. Mutanen yamma suka ce ɗa na ubansa ne, a kai ta gabas. Mutanen gabas suka ce a nuna musu inda aka binne cibiyarta a ƙasarsu. Wata tsohuwa mai fito, wadda ke ƙetarar da mutane, ita ta ɗauke ta ta rene ta a cikin jirgi. Yarinya ta girma tana jin maganar masu tafiya da ta masu dawowa, har ta iya harsunan biyu kamar da su aka haife ta.

Wata shekara gobara ta tashi a garin gabas. Mutane suka gudo bakin kogi da yara da awaki, suna kururuwa suna ɗaga hannu. Mutanen yamma suka hango taro da hayaƙi, ba su jin abin da ake faɗa, suka ce yaƙi ne, suka ɗauko baka da kibiya. Ta-Tsakiya ta tuƙa jirginta zuwa tsakiyar ruwa ta miƙe tsaye. Ta juya yamma ta ce, "Ba yaƙi suke kira ba, taimako suke kira." Ta juya gabas ta ce, "Ba ƙinku suke ba, tsoronku suke ji." Ta yi ta jigila har hannunta ya fashe, ba ta bar ko akuya ba.

Har nan ban rage komai ba. Ina jin numfashin Hannatu, ta ƙanƙame gwiwoyinta, jan hasken murhu yana kan fuskarta.

Kaka ta ci gaba. Da aka sake gina garin gabas sai rigima ta tashi, gabas suka ce Ta-Tsakiya tasu ce, yamma suka ce ƙarya ne, ɗiyar ɗiyarsu ce. Aka kira tsohuwa mai fito ta raba gardama. Tsohuwa ta ce, "Kun tambayi inda cibiyarta take. Tana cikin kogin nan. To wane ne a cikinku bai sha ruwan kogin nan ba?" Sai gabas suka gina mata ɗaki, yamma suka gina mata ɗaki, ta riƙa cin tuwon rana a nan, na dare a can.

Sai Kaka ta lalubo kan Hannatu ta ɗora hannunta a kan sabon kitson, ta ce, "Faɗa mata, sandata. Faɗa mata ita ma ɗaki biyu gare ta."

Ban san daga ina maganar ta zo mini ba. Na dai ga hannun nan a kan da ba nawa ba. Na raɗa wa Hannatu cewa bayan ta gama ƙetarar da su, gabas suka rufe ƙofarsu, yamma suka rufe tasu, ta zauna a cikin jirgi ita kaɗai har ta tsufa, wata damina ruwa ya tafi da ita. Na ƙara da cewa, "Kaka ta ce haka 'ya'ya masu jini biyu suke, ba su da gaɓa."

Kaka ta rufe tatsuniyar ta ce, "Ta gaji, ta naɗe tabarmarta ta yi gaba," yara suka watse. Hannatu ta zauna hannun Kaka yana kanta, ba ta motsa ba. Can ta zame a hankali ta shiga banɗaki ta rufe.

"Ina ta nufa?" in ji Kaka.

Na ce, "Barci take ji."

Bayan kwana biyu suka koma. A bakin ƙofa Kaka ta rungume Hannatu, ita kuwa ta tsaya kamar itace. Na koma wurina na hannun dama, na ci tsokar kazata. Na ɗauka wasan taubasai ne da ya ɗan yi yawa, zai wuce. Kawu bai sake kawo ta ba. Duk hutu Kaka sai ta tambaya, ya ce makaranta, ya ce kuɗin jirgi, ya ce sai baɗi. Shekarar da ta biyo baya Kaka ta koma Damagaram, bayan shekara biyu Allah ya yi mata rasuwa.

Ni na yi karatu, na yi aure, na koma Montreuil, kusa da Paris, da zama. Aikin da na samu shi ne tafinta. Ina zuwa Bobigny ina tsayawa tsakanin mutanenmu da ma'aikatan gwamnati, wani lokaci gaban alƙali, in juya Hausa zuwa Faransanci, in juya Faransanci zuwa Hausa. Da Hannatu kuwa sai gaisuwar sallah, layi biyu, sai ranar da muka je Leeds jana'izar Kawu muka gaisa kamar maƙwabta.

Labarinta daga nesa nake ji. Ta karanta shari'a, ta yi shekaru a wani ƙaramin ofishi mai ba baƙin haure shawara kan takardu, tana rubutu da asuba kafin ta fita. An mayar mata da littafinta na farko sau da yawa kafin wani ya karɓa. Da ya fito, sai ga hotonta a jarida. Labarin wata yarinya ne a arewacin Ingila, uba baƙi uwa fara, wadda kowa ke tambayarta asalin inda ta fito. Na biyu a kan Kawu ta rubuta shi, yadda ya sauka da akwati ɗaya da takardar digiri ya ƙare yana tuƙa bis shekara ashirin, da yadda bai taɓa yi mata Hausa ba don yana tsoron kada harshensa ya zama mata kaya. A na uku ta shiga wuraren da ake tsare mutanen da za a mayar ƙasashensu, ta zauna da su ta rubuta abin da suka faɗa mata. Ta samu kyaututtuka, aka sa littattafanta a makarantu. Ta sha zagi kuma. Wasu Turawa suka ce in ƙasar ba ta yi mata ba ta tafi, wasu namu suka ce tana sayar da mu ga Turawa alhali ko gaisuwa ba ta iya ba.

Na sayi na farkon da aka fassara shi da Faransanci. A cikin metro na buɗe, layi na tara, ina dawowa daga aiki. Shafin farko tatsuniyar Ta-Tsakiya ce, da kwalekwale da cibiya da gobara, duk ba ta manta ba. Ƙarshen kuma nawa ne, kalma da kalma. Na wuce tashata ban sani ba, sai da jirgi ya kai ƙarshen layi.

Daga baya na ji ta a rediyo. Mai tambaya ya ce mata me ya sa ta fara rubutu. Ta ce sau ɗaya ta taɓa ganin kakarta, a wani bene a Lyon, kuma kakar ta ɗora mata hannu a ka don tausayi ta gaya mata cewa irinta ba su da gaɓa. Ta ce ba ta riƙe tsohuwar a zuciya ba, gaskiya ta faɗa mata tun kafin duniya ta faɗa mata. Ta ce da ta ba ubanta labarin a hanyar komawa gida, bai ce komai ba har suka isa, sai dai daga ranar bai sake ambaton kai ta Nijar ba.

Nan na gane abin da na yi wa Kawu. Ya san tatsuniyar tun yana yaro, ya san ƙarshenta na gaskiya, ya kuma san uwarsa da sauya ƙarshe idan tana son yi wa mutum faɗa. Ya ɗauka da shi take, saboda matar da ya aura. Kunya ta hana shi tambayarta, ya riƙe abin har kabari.

Na yi shekaru ina cewa zan rubuta mata. Na fara wasiƙa ta fi goma. Mama ba ta karanta littafi, ba ta jin Turancin Ingila, ni kuwa ban taɓa fassara mata ko layi ɗaya ba.

Bara Hannatu ta zo Paris gabatar da littafinta na huɗu a wani kantin littattafai. Na je na zauna a baya. Gashinta ya fara furfura, ta yi kitso irin namu. Da aka gama ta hango ni a layin masu neman sa hannu, ta tashi ta rungume ni, ta ce da Hausa, a hankali kamar mai taka ƙaya, "Ramatu, ina wuni? Ina gida?" Ta ce tun rasuwar Kawu take koyo wurin wani malami ɗan Kano, sau biyu a mako.

Washegari na gayyace ta abincin rana a gidana. Na yi mata tuwon shinkafa da miyar kuka. Ta ci da hannu, ta ƙara. Na bari har ta wanke hannu, sannan na ce mata da Faransanci ina da magana. Na faɗa mata duka, ban nemi wa kaina uzuri ba. Na faɗa mata tambayar tsohuwa mai fito, da ɗakin gabas da ɗakin yamma, da abin da Kaka ta ce lokacin da hannunta ke kanta.

Ta ture kwanon da ke gabanta gefe.

"Shekara talatin," ta ce. "Na tsaya gaban mutane a ƙasashe da yawa na ce kakata ce ta faɗa. Babana ya mutu yana ganin uwarsa ta ƙi ni."

"Na sani."

"Me na yi miki?"

"Kin zauna wurina," na ce. Da na ji maganar a kunnena, ƙanƙantarta ta ba ni kunya fiye da komai.

Ta tashi ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ta yaya zan san ba yanzu ne kike ƙarya ba? Ke ce dai kike gaya mini, yau ma kamar ran nan."

Ta sauka, na ji ƙarar ƙofar ƙasa.

Mako shida ban ji daga gare ta ba. Rannan da safe ta kira ni ta ce ta sayi tikiti, ranar Asabar za ta je Lyon wurin Gwaggonta, in zo in raka ta, amma da sharaɗi ɗaya: ba zan fassara ko kalma ɗaya ba.

Mama tana nan a Vénissieux, ta bar dogon benen ta koma wani ƙaramin gida a hawa na biyu saboda gwiwa. Ni na fara shiga na faɗa mata abin da na yi. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, "Ashe da wannan Issufu ya tafi." Ta share ido da bakin gyale, ta ce a shigo mata da ɗiyarta.

Da rana ne, bayan azahar. Mama ta ce tun tana yarinya aka hana ta tatsuniya da rana, amma yau lalura ce. Ta ja labule. Ta zaunar da Hannatu kusa da ita, ni ina can kujerar bakin ƙofa. Ta fara, a hankali, tana maimaita duk abin da ta ga Hannatu ba ta kama ba, tana nunawa da hannu, nan gabas, nan yamma, ga jirgi. Muryarta ta yi kama da ta Kaka. Sau uku Hannatu ta rasa kalma ta juyo wajena da ido don sabo, sai ta tuna ta mayar da kanta. Da aka zo tambayar tsohuwa mai fito, ta ɗaga hannu ta ce, "Gwaggo, sake faɗi." Mama ta sake. Na ga leɓɓan Hannatu suna bin kalmomin.

Da ta gama Mama ta ce, "Ni ban kasance a wurin ba a daren, ina aiki. Amma da safe Inna ta ce mini, jiya na ba ɗiyar Issufu ɗakinta. Da ta koma gida, ɗakin da ke kusa da rijiya a gidanmu na unguwar Birni a Damagaram ta sa aka yi masa sabon daɓe. Har yau ɗakin Hannatu ake ce masa. Yaran gidan ba su ma san wace ce Hannatun ba. Na gaya wa ubanki a talho, ta waya ke nan, ya ce to." Ta dafa gwiwar Hannatu. "Kin ji, ɗiyata?"

"Na ji, Gwaggo," in ji Hannatu.

Ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar a kan garuruwan nan biyu yake, kada a kori wanda ba a san ranarsa ba. Haka muke faɗa idan Kaka ta tambaye mu. Yanzu da na tsufa a aikin tsayawa tsakanin mutane, hankalina ya fi zuwa kan lokacin da yarinyar ta miƙe a tsakiyar ruwa. Ba wanda ke jin harsunan biyu sai ita. Da ta juya ta ce wa mutanen yamma yaƙi ne, ba wanda zai taɓa kama ta. Kaka ta ba ni wannan matsayi na minti kaɗan, da yarda, don idonta ba ya gani kuma bakinta ba ya isa kunnen jikarta. Hannatu kuwa, wadda aka ce wa ba ta da wuri, ita ta ƙare rayuwarta tana gaya wa wani ɓangare abin da ɗaya ke faɗa, ana jifanta daga nan da can.

A jirgin komawa Paris na tambaye ta ko za ta janye littafin farko. Ta ce a'a. Ta ce abin da ke cikinsa ya faru da ita a makaranta da titi da ofisoshi, ko da Kaka ba ta faɗa ba, akwai waɗanda suka faɗa. Amma za ta rubuta shafi ɗaya a gaban bugu na gaba ta wanke sunan tsohuwar. Ta ce kuma tana so ta je Damagaram ta ga ɗakin, in hanya ta yi kyau.

"Za ki sa sunana a shafin?" na ce.

"Ban sani ba tukuna."

Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba. Ta juya tana kallon gonaki ta taga, rana tana sauka a kansu. Ba mu yi nisa da garin Mâcon ba barci ya ɗauke ta, kanta ya gangaro a hankali ya sauka a kafaɗata. Hannuna ya mutu tun kafin rabin hanya, wayata tana ta ruri a cikin jaka, ban motsa ba har jirgin ya tsaya a Paris.